Wanne Za A Jira Gari Ya Waye, Wanne Za A Tashi Cikin Dare?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Damina ta kankama, kuma tambayoyin da ke shigowa zauren nan kusan iri ɗaya ne: jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare, ko mai ciki kanta yana sarawa, ko dattijo ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Asibiti da nisa, kuɗin mota ba a hannu, wani wurin ma hanyar ba ta biyuwa da dare. Ina roƙon ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su fayyace mana wanda za a iya lallaɓawa zuwa safe da wanda ba ya jira. A ba mu abin da uwa ko maigida zai gani da idonsa.

Likitar Yara: Wa alaikumus salam. Zan fara da yara 'yan ƙasa da shekara 5, don su ne suka fi saurin tafiya. Zafin jiki shi kaɗai ba ya gaya maka nauyin ciwo. Yaron da ma'auni ya nuna 39 amma yana shan nono, yana bin ki da ido, yana kuka da ƙarfi, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ke 38 ya yi laƙwas ba ya ko ɗaga kai. Alamomi huɗu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba, kuma ko ɗaya aka gani a tashi: ya kasa shan nono ko ruwa, duk abin da aka ba shi sai ya amayar, ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba ya tasuwa sosai.

Sai numfashi. A ɗage rigarsa lokacin da ba ya kuka, a ƙirga dagawar ciki na minti ɗaya cur da agogon waya, kada a ƙirga rabi a ninka, don numfashin jarirai ba ya tafiya daidai. Ɗan ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sosai duk lokacin da ya ja iska, ko yana gurnani, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, wannan limoniya ce mai tsanani, iskar oksijin yake buƙata, ba a samunta a gida.

Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa ba shi da lissafin jira. Zafin 37.5 a hammata ya isa a tafi, haka ma in jikinsa ya yi sanyi ƙalau ko ya daina kama nono.

Jami'in Lafiya na Karkara: Likita, na yarda da jerin nan, amma bari in shigar da halin ƙauye. Wanda ke tsakaninsa da babban asibiti tafiyar awa uku ce a kan babur, "a tashi" kawai ba ta wadatar da shi. Akwai matakin tsakiya. Yawancin ƙananan asibitocinmu suna da gwajin maleriya na ɗigon jini, sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Sannan ga yaro ɗan ƙasa da shekara 6 mai alamar maleriya mai tsanani, akwai artesunate da ake sawa ta dubura, miligiram 100 kowanne: ɗaya ga ƙaramin da bai kai shekara 3 ba, biyu ga wanda ya haura. In ya fito cikin minti 30 a sake sa wani, a matse ɗuwawun na ɗan lokaci.

Likitar Yara: Haka ne Malam, kuma na gode da ka kawo shi. Sai dai a nan ake asarar yara. Ana sa maganin, bayan 'yan awanni yaro ya buɗe ido ya nemi ruwa, iyaye su ce an samu sauƙi su fasa tafiyar. Wannan maganin lokaci kawai yake saya muku a kan hanya. Cikakken maganin allurar artesunate ce sau uku aƙalla, ta farko, sai bayan awa 12, sai bayan wasu awa 12, sannan a ɗora da ƙwayoyi na kwana 3. Kuma maleriyar da ta kai nan takan zo da ƙarancin jini da faɗuwar suga. A duba tafin hannun yaron da cikin fatar idonsa: in sun yi fari fat, ƙarin jini yake nema. In fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi, shi ma kada a kwana.

Wani abu: yaron da ake ba maganin rigakafin maleriya na wata-wata da ake rabawa gida-gida da damina zai iya kamuwa duk da haka. Kada a ce ai yana sha, don haka ba ita ba ce.

Malam Nas: Tunda an ambaci jijjiga, bari in faɗi abin da za a yi a mintunan farko, domin ɓarnar da ake yi a lokacin takan fi ta ciwon. A kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa, a kawar da abin da zai buge, a sassauta tufafi, a dubi agogo. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko manja, ko jiƙo, don wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake wucewa. Kada a kara ƙafarsa a wuta ko a turara masa hayaƙi. Mai son yin tofi ya yi, ba ya hana komai, amma a yi shi ana tafiya. In ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta dawo bai farfaɗo a tsakani ba, da wuya ta tsaya da kanta ba tare da allura ba.

Mai Kula da Zaure: Wata 'yar'uwa ta turo tambaya: ta karanta cewa jijjigar zazzaɓi da ba ta wuce minti biyu ba ba ta da illa. Gaskiya ne?

Likitar Yara: Akwai irin wannan, tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma yawanci ba ta barin illa. Amma an rubuta wannan shawarar ne don ƙasashen da ba su da maleriya da sanƙarau irin namu. A nan ba mai iya rarrabe ta da maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa a tsakar ɗaki. Ko ta minti ɗaya ce, a kai shi a daren.

Kan sanƙarau: lokacinsa daga sanyin hunturu zuwa ƙarshen bazara, wajen Disamba zuwa Yuni, kuma Arewacin Najeriya da Nijar duka suna cikin yankin da yake yawo. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya. Babba zai yi zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare ya kasa kai haɓa ƙirji, haske ya dame shi, ya fara sambatu. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, maɗigarsa ce za ta kumbura, kukansa ya zama siriri, ya ƙi a taɓa shi. Awanni ake ƙirgawa a wannan ciwon.

Mai Harhaɗa Magunguna: Ga wanda ba shi da ko ɗaya cikin alamomin nan, yana sha yana wasa, ga yadda za a riƙe shi zuwa safe. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo na nauyinsa, duk awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Na ruwan da ke kasuwa yawanci miligiram 120 ko 125 ne a mililita 5, don haka yaro mai kilo 10 mililita 5 zuwa 6 ya ishe shi. A auna da murfin awo ko sirinji, cokalin gida ba ya da tabbas. A duba kwalaben da ke ɗakin: maganin mura da wanda ake kira na haƙori da yawa akwai farasitamol a ciki, sai a haɗa uku a rana a wahalar da hanta ba a sani ba. Asfirin ba na yara ba ne. A shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba na randa ko na firji ba. Da safe a je a yi gwaji kafin a sayi maganin maleriya. In an fara magani, kwana 2 zuwa 3 zazzaɓi bai sauka ba, a koma, kada a canza kemis. Da rani musamman, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na taifot, ga ciwon maƙogwaro da kasala, sai an tuna da Lassa, balle a Bauchi da Taraba. Lambar kira ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, 6232 ce.

Jami'in Lafiya na Karkara: Sai gudawa. Yawancinta a gida ake gamawa da ita, in an san aikin. Ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma a karanta jikin takardar don akwai na rabin lita. Ledar fiya wata biyu masu santilita 50 lita ɗaya ke nan. In babu ƙunshin: ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. A ɗanɗana, in gishirin ya fito sosai a zubar a sake, gishiri mai yawa yana da haɗari ga yaro. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6. Nono kada a tsayar.

Wanda ba na gida ba: idanu sun faɗa, an tsunkuli fatar ciki ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, ya daina fitsari, ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidan. Yaro mai tamowa kuwa ko gudawar kaɗan ce a kai shi, don jikinsa ba ya ɗaukar ƙarin ruwa yadda na sauran yake ɗauka, sai wanda ya san aikin. Babba da ke zawo fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, ga ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba. Tana iya kashe ƙato cikin yini ɗaya. A ɗauki jarkar ORS yana sha a kan hanya.

Sista Ungozoma: Kun daɗe a kan yara, ku ba ni fili, don iyayensu ma suna mutuwa da abin da ake cewa "ai laulayi ne". Ciwon kai ga mai cikin da ya wuce wata 5 ba a ɗaukarsa da wasa. In ya ƙi jin farasitamol, ko tana ganin dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya, ko fuska da hannaye sun kumbura, ko tana jin ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a auna jininta a lokacin. 140 bisa 90 ya hau. 160 bisa 110 mota ake nema ba shawara ba. Abin da ke biyo baya jijjiga ce, wadda a gidaje da yawa ake cewa iska ce a tafi wajen mai ruƙiyya. Maganinta allurar magnesium sulphate da sauke jinin, sau da yawa kuma sai an raba ta da cikin. Tana iya zuwa bayan haihuwa ma, har cikin arba'in.

Jini kowane iri ga mai ciki asibiti ne. Wadda al'adarta ta ɗauke wata ɗaya ko biyu, sai ciwon mara na gefe ɗaya, ga jiri ko suma, wani lokaci har da ciwon kafaɗa, a yi zaton ciki ne a wajen mahaifa ya fashe. Jinin a ciki yake zuba, ba za ku gan shi a zane ba. Tiyata ce kawai.

Bayan haihuwa: in tana jiƙe ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko gudaji na fita, ko mabiyiya ba ta faɗo ba bayan minti 30, a murza mata ciki ƙasan cibiya da ƙarfi har mahaifar ta yi tauri, ta yi fitsari, a sa jariri a nono, a tafi ana murzawa. Kada a ja cibiya. A tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini, wannan yana rage awannin da ake ɓatawa a bakin ɗakin gwaji. Naƙudar da ta wuce awa 12 ita ma ba ta gida ba ce, daga nan yoyon fitsari yake farawa.

Likitan Manya: Sista, ki ƙara da mai jego da numfashinta ke yin sama-sama in ta kwanta, tana tari da dare, ƙafafu sun kumbura. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu, likitoci a Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna rubutu a kansa. Kunun kanwa yana ƙara wa jiki gishiri, ya tara ruwa a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Wadda ta kasa kwanciya sai a zaune, a daren za a kai ta.

Ga manya, biyu nake so kowa ya haddace. Na farko shanyewar ɓarin jiki. A ce ya yi murmushi, a ga ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannaye biyu, a ga ko ɗaya yana saukowa. A ce ya maimaita gajeriyar magana, a ji ko harshe ya yi nauyi. Ɗaya ya isa. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi ake yinta. Kada a ba shi ruwa ko abinci, haɗiya takan lalace ya shaƙe. Kada a ninka masa maganin hawan jini don a sauke shi da sauri, hakan yana rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwar. In alamun sun ɓace bayan minti 10, a tafi duk da haka, gargaɗi ne, babbar tana iya biyo baya cikin kwanaki. Kuma a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye in da hali, irin asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na biyu ciwon ƙirji. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi da tashin zuciya. Mutanenmu kusan kowane ciwon ƙirji olsa suke kiransa, a sha maganin ruwa mai fari a kwanta. Mai shekara 40 zuwa sama, mai hawan jini ko suga ko shan taba, sai an yi masa gwajin bugun zuciya na ECG kafin a ce olsa ce. Masu suga da mata wani lokaci ba sa jin ciwon sosai, sai gajiya da haki da gumi.

Mai Harhaɗa Magunguna: Ranka ya daɗe, a nan ina da ja. Ana yawan cewa a ba mutum asfirin miligiram 300 ya tauna. Mutane sun ji wannan sun haɗa shi da shanyewar jiki ma, suna zuwa kanti suna nema. Ni ina ganin gara a ce kada a ba kowa a gida, a huta.

Likitan Manya: Rabin maganarka na karɓa. Ga shanyewar jiki haramun ne kafin hoto, don wani toshewar jijiya ce, wani fashewarta ce, kuma fashewar ba kaɗan ba ce a nan saboda hawan jinin da ba a kula da shi. Asfirin zai ƙara zubar. Amma ga ciwon ƙirji irin wanda na kwatanta, in mutum yana cikin hayyacinsa, asfirin ba ya yi masa borin jini, ba ya aman jini ko baƙin bayan gida, taunawar tana da amfani sosai, balle ga mai tafiya mai nisa. Ban so a hana shi wannan saboda kuskuren wasu. A koya wa masu kanti su tambaya: ƙirji ne ko baki ne ya karkace?

Mai Harhaɗa Magunguna: To, da wannan sharaɗin na yarda. Bari in ƙara na masu suga, don yana kama da shanyewar jiki. Mai shan glibenclamide ko allurar insulin da ya fara rawar jiki, gumi, ruɗewa, a auna in akwai na'ura: ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi. In yana iya haɗiya, suga cokali babba ɗaya a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya iya haɗiya a shafa zuma ko suga a cikin kumatunsa a tafi. Mai glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi, ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan yakan sake faɗuwa cikin dare.

Malam Nas: Ciwon ciki a taƙaice. Wanda ya fara a cibiya ya koma ƙasan dama, ko cikin ya yi tauri ba ya son a taɓa, ko ya kumbura babu tusa babu bayan gida, ko amai kore, ko ƙabar da take komawa yau ta ƙi komawa tana ciwo: kada a ci kada a sha, kada a yi allurar diclofenac a kemis don ta ɓoye ciwon, a tafi. Mai taifot da ya yi sati biyu yana zazzaɓi sai ciki ya murɗa farat ɗaya, hanji ne ya huje. Saurayi da maraina ɗaya ya kama shi da ciwo kwatsam, awa 6 ne tsakaninsa da rasa shi, kunya kada ta sa ya yi shiru.

Jami'in Lafiya na Karkara: Manoma kuma, saran maciji. Kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi, don haka mutum zai iya jin garau a yinin farko, washegari dasashi ya fara jini. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse ba ya zuƙe komai. A cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka. A asibiti za a zuba jininsa a kwalbar gilashi a jira minti 20, in bai daskare ba sai allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aikin, amma a fara da mafi kusa a tambaya ko suna da allurar.

Yaron da ya sha kananzir kuma kada a sa shi amai, kada a ɗura manja ko madara. Aman ne ke kai shi huhu.

Sista Ungozoma: Mai Zaure, wata ta tambaye ni a gefe kan jaririn da idonsa ya yi rawaya, kakarsa ta ce a riƙa shanya shi a hantsi. Hajiya ta yi haƙuri, hantsi ba ya maganin shawara mai ƙarfi. In ta fito a ranar farko ta haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko jaririn ya daina tsotso yana banƙarewa, fitila ta musamman yake buƙata a asibiti, wani har sai an canza masa jini, in an makara ƙwaƙwalwa take taɓawa. A duba shi a hasken rana, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ke ƙasa. A kuma cire kafur daga cikin kayansa, yana fasa jinin wasu jariran.

Likitar Yara: Kada mu tashi ba mu ambaci masu sikila ba, don ƙa'idar "a jira safe" ba ta hau kansu. Zafin 38 a wurinsu na asibiti ne ko da yaron yana wasa, domin saifarsu ba ta tare ƙwayoyin cuta. Haka ciwon ƙirji da haki, ko gefen hagu na ciki ya kumbura farat ɗaya ya yi fari, ko rauni a hannu ko ƙafa ɗaya, ko gaban namiji ya miƙe da ciwo ya kai awa 2 bai kwanta ba. In za a fita, da su da kowa, a kwashi katin asibiti da duk kwalabe da fakitin magungunan da aka riga aka ba shi, har na gargajiya, a faɗi gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha. Lambar 112 tana aiki a wasu garuruwan, amma kowane gida ya ajiye lambar mai mota ko mai Keke Napep ɗaya a unguwa da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, a yi magana da shi tun yanzu.